Ranar da Injin Yaya Sanni Ya Hau Benci

In ka shigo unguwar Aboabo a Kumasi ka ce kana neman Sanni Seini, kallonka kawai za a yi. Ka ce Sanni Mai Benci, nan take a nuna maka hanya. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara shida, kuma ni Faridatu na fi kowa ikon ba da labarinsa, don ni na sha wahalar halinsa.

Babanmu goro ya kawo shi Kumasi, kuma ya so Yaya ya gaje shi a goron. Yaya kuwa tun tasowarsa, in aka aike shi sayen ƙosai, sai a tarar da shi tsugune gaban mai gyaran ƙofa, ƙosan ya huce a hannu. Da Baba ya gaji da duka, sai ya kama hannunsa ya kai shi unguwar Anloga wurin kafintocin ƙabilar Ewe, ya danƙa shi ga wani dattijo. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a can. Ya iya Ewe, ya iya Twi, yana gane katako da ƙamshinsa ko an rufe masa ido. Fensir kuwa ba ya barin bayan kunnensa, har sallar idi da shi yake zuwa.

Benci ne sana'arsa. A da, duk suna, duk awure, duk addu'ar da za a yi a Zango, a kan benci ake zama, kuma wanda ya san abin da yake yi na Yaya yake nema. Da odum yake yinsa, wannan katako mai taurin tsiya, ya haɗa ƙafafun da turakun itace maimakon ya dogara da ƙusa. In ya gama sai ya kifa shi, ya yi masa tsaga uku a ciki da kurfi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda yake dubawa, shi dai haka ya ga dama.

To ga inda halin yake. Ranar Lahadi kafintocin Anloga suna coci, shi kaɗai ke buɗewa, duk mai neman kafinta a ranar wurinsa zai faɗo. Saboda haka ya mai da Juma'a ranar hutunsa, Lahadi ranar kasuwarsa. Mu kuwa a Zango Lahadi ce ranar sha'ani. Shekara arba'in Yaya bai taɓa zama a taron kowa ba. Ni da matarsa Alima mu ke ɗaukar kunyar. Ko'ina muka shiga sai an ce, "Ina Sanni?" mu ce, "Yana gaishe ku." Na yi wannan ƙaryar har ta zame mini kamar sallama.

Daga baya kujerun roba suka cika gari. Ba nauyi, ana jera su ɗaya kan ɗaya, masu haya suka koma kansu. Kafaɗar Yaya ta dama ita ma ta fara yi masa gardama, in ya yi goge na rabin yini sai ya kwana uku bai ɗaga hannu ba. Ya rufe rumfarsa ya dawo gida. Shekara biyu yana zaune a ƙofar gida da rediyo, fensir a kunne ba abin da zai zana. Ko a lokacin bai shiga taro ba. Lahadi ta yi zai sa hula ya tafi Anloga ya zauna gaban rumfar da ba tasa ba, wai ƙafarsa ta saba. Ina yi masa tsiya a fili, amma wallahi in na wuce na gan shi a zaune haka, raina ɓaci yake yi har in kasa cin abinci.

A can Anlogan ya samo dabarar. Yana da aboki, Efo Komla, tare suka koyi aiki, shi ma kafintancin ya sake shi ya koma tuƙa aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Wata rana suna zaune, wani mai kiwon kaji ya zo neman abin shimfiɗa wa kajinsa, yana ta ƙorafi. Garin katakon da ake samu wajen masu zarto ya yi laushi da yawa, 'yan tsaki suna tsattsaga su haɗiye, su yi ta mutuwa. Abin da yake so mai ɗan kauri ne, kuma ba ya isar su. A bayansa kuwa ga tulin guntayen katako ana shirin cinna musu wuta don an rasa inda za a kai su. Yaya ya kalli mutumin, ya kalli tulin. Da yamma ya shigo gidana bai ko zauna ba ya ce, "Faridatu, injin ɓarzar katako zan saya."

Na ce, "Ka ci abinci dai?"

Ya ce da gaske yake. Masu kaji suna so, masu raguna a unguwa suna so, guntayen kuwa kyauta ne, Efo Komla zai riƙa kawowa. Aikin kuma ba ya son kafaɗa, turawa kawai za ka yi inji ya ci. Ya sayar da manyan kayan aikinsa, 'yarsa Farhana da ke aikin jinya a Tamale ta cika masa. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka har na manta.

Wurin ajiyewa shi ne matsala, don a Aboabo ko inda za ka shanya zane sai ka yi shawara da maƙwabci. Alhaji Brimah, wani dattijo mai jiki da ke bayan layinmu, yana da kango mai rabin rufi a ƙarshen gidansa. Ya ce ya ba Yaya, saboda zaman da ya yi da Babanmu. Sai dai hanyar kangon ɗaya ce, wani siririn lungu tsakanin katangar Alhaji da kwata. Yaya ya je ya auna inda lungun ya fi matsewa, ya yanke sanda daidai faɗin wurin. Daga ranar sandar nan ta zama abokiyar tafiyarsa.

Ni ya ɗauka rakiya, wai bakina ya fi nasa kaifi a ciniki. Ya kuma ɗauki buhu da guntayen katako a ciki, masu laushi da masu tauri. Muka fara da wani shago a Adum. Ga inji ja yana ƙyalli, na lantarki, mai shagon ya ce ko kututture aka ba shi zai cinye. Yaya ya tambaya in wuƙarsa ta dakushe ina ake samun wata. Aka ce sai an aiko daga waje. Ya tambaya in an ɗauke wuta fa. Mai shago ya yi dariyar yaƙe. Yaya ya kwance buhu ya ciro guntun odum, mutumin ya yi tsalle ya ce ba a gwada sabon kaya.

"To ni ma ba na sayen abin da ban ji muryarsa ba," in ji Yaya, ya ɗaure buhunsa muka fito.

Na biyu wani tsohon inji ne mai shan gas, a wajen masu zarto can hanyar Sokoban. Wannan kam ya ci odum ɗin kamar ana ba shi biredi. Amma da aka tayar da shi sai da na toshe kunne, ga shi kangon Alhaji bango ɗaya ne da makarantar yara. Yaya ya ɗora sandarsa, injin ya fi ta da kamu guda. Ya shafa shi ya ce, "Kai na kirki ne, amma ba ɗan lungu ba ne." Haka muka yi ta yawo. Na ƙare takalmi, na haddace kwandastocin motar Kumasi, shi kuwa kowane inji sai ya samo masa aibu.

A Magazin ta Suame muka dace, inda maƙera da masu walda suke ƙera komai. Wani Masta Shakiru ya haɗa ɗan ƙaramin inji da hannunsa, bai kai tsayin ƙirjina ba. Da fetur yake aiki, irin kan injin da masu niƙan barkono ke sawa, wanda kowane makaniken unguwa ya san cikinsa. Wuƙaƙen daga sifirin babbar mota ya yanko su, in sun dakushe a wasa su nan gida. Ba fenti, ba kyan gani. Yaya ya sa aka tayar, ya dafa sandarsa a jikin ƙarfen ya kara ɗayan bakin a kunne, ya lumshe ido yana saurare. Ya ba shi mai laushi, ya ci. Ya ba shi odum, ya ɗan yi gurnani ya ci. Ya ɗebi abin da ya zubo, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Kaza ba za ta haɗiye wannan ba."

Na ce alhamdu lillahi, ƙafata ta huta. Sai ya ɗora sanda. Bakin da ake zuba katakon ya fi ta da yatsa uku.

"Sai ka rage shi," in ji Yaya.

Masta Shakiru ya riƙe kai. "Ei, Baaba! Yatsa uku kawai? Sai na yanke duka na sake walda fa."

"Lungun ba zai matsa maka ba. Kai za ka matsa masa." Ya laluba aljihu ya ciro wani kati, ya zana masa awon a bayansa.

Duk wannan zaɓe ya ci wata uku, kuma haƙurin Alhaji Brimah ya ƙare. Layya ta matso, wani mai raguna daga Nijar yana ta yi masa zarya a kan kangon. Ranar Laraba ya kira Yaya a gabana ya ce, "Sanni, don Babanka na yi, amma kango ba zai zauna yana jiran sanda ba. In aka kira magariba ranar Lahadi ban ga inji a ciki ba, Litinin raguna za su kwana a wurin. Maganata ɗaya ce." Kowa ya san maganarsa ɗaya ce. Kuma kowa ya san in kangon nan ya kuɓuce, babu wani a Aboabo, Yaya zai koma ƙofar gida da rediyonsa, ga inji ba wurin sawa.

Masta Shakiru ya gama ranar Juma'a da yamma. Ni a ranar na tare gidan Hajiya Mamuna, magajiyar matan layinmu, don Lahadin ake awuren autarta Hikma, kuma tukwanen shinkafa a hannuna suke. Na tambayi Yaya yaushe zai ɗauko, ya ce gobe ko jibi. Ban ƙara magana ba, don a tunanina duk mai hankali a Aboabo gobe zai ce.

Ashe shi ya zauna ya yi lissafinsa irin na mutumin Anloga. Asabar ranar jana'izar mutanen Asante masu garin ce, ko'ina an kafa rumfuna ja da baƙi an tare titi, ga cunkoson kasuwa. Lahadi kuwa gari fayau, kowa yana coci. Efo Komla ya ce haka ne, shi ma in ya taso daga coci ya ci fufu sai su tafi. Su biyu suka yaba wa juna basira. Mutumin da ya san ranar jana'izar kowane gida a Asante, bai san abin da ke faruwa a ƙofar gidansa ranar Lahadi ba, tunda bai taɓa wuni a ciki ba.

Efo Komla ne ya ba ni labarin hanya daga baya. Sun isa Magazin wajen ƙarfe uku, Masta Shakiru ya buɗe musu musamman. Yaya ya sa aka tsiyaye fetur ɗin, aka shimfiɗa tsofaffin tayu biyu a cikin aboboya, aka ɗora injin a kai, ya ɗaure shi ta kusurwa huɗu da hannunsa, ya hau baya ya rungume shi. Suka bi ta Krofrom suka gangaro ta gefen Manhyia, titi wayam. Yaya yana ta ɗaga murya daga baya, "Efo, ka ga abin da na gaya maka?"

Suna karyo kwanar Aboabo suka ci karo da rumfa. Suna ake yi, an jera kujeru daga kwata zuwa kwata. Suka juya suka bi ta bayan masallaci, nan kuma walimar saukar karatu. Suka koma ta wajen masu nama, wani awuren. Efo Komla ya ce tun yana ƙirga rumfuna har ya bari. Wani wurin a ɗage musu igiya, wani wurin a ce su zagaya, aboboya tana ja da baya tana kuka. Tafiyar da ba ta fi a sha kofin shayi ba ta cinye musu fiye da awa ɗaya. Da ƙyar suka shigo layinmu rana ta yi sanyi, suka tarar da babbar rumfar duka, ta Hajiya Mamuna, an kafa ta daidai bakin lungun Alhaji Brimah. A cikin bakin lungun kuwa ni ce, da murhu huɗu da tukwanena a kai.

Ina juya miya na ji kiɗa ya tsaya. Na ɗago, sai ga Yaya tsaye a bayan aboboya, rigarsa duk baƙin mai, sanda a hannu, yana kallon mata sun fi ɗari cikin yayi, atamfa iri ɗaya shuɗiya da ruwan ƙwai.

Hajiya Mamuna ta taso, ɗaurinta ya kai wani wuri. "Wa nake gani? Sanni Mai Benci a wajen awure? Jama'a ku yi guɗa, yau an yi abin da ba a taɓa yi ba!"

Aka ɗauki guɗa. Yaya ya sauko yana sosa ƙeya. Ya gaishe ta, ya yi Allah ya sanya alheri da sauri da sauri, sannan ya ce, "Hajiya, don Allah hanya nake so. Kafin magariba."

Fuskarta ta canza. "Au. Ashe ba wurinmu ka zo ba."

Don ya nuna mata injin zai wuce ba tare da ya taɓa komai ba, sai ya ciro katin nan na aljihunsa mai awo a baya. Ta karɓa ta juya shi. Katin gayyatar awuren Hikma ne, wanda ta aika masa da goro mako biyu da suka wuce. Ni dai na so ƙasa ta tsage.

"Ka ma karanta shi?" ta ce. "Sunan yarinyar nan ba ka zo ba. Saukarta ba ka zo ba. Rasuwar Alhajina ka zo, ban hana ba, amma a tsaye ka yi gaisuwa, fensir a kunne. Kullum Faridatu ta ce kana gaishe mu. To yau ga ka ga mu. Kanopi ɗin nan ba ya motsi koraa, ko kaɗan, sai ka zauna, ka ci shinkafar 'yata, ka yi mata addu'a kamar kowa."

Efo Komla ya matso yana murza hula, ya sa baki da 'yar Hausarsa ta koyo. "Masa Sanni, Hajiya ya yi gaskiya paa. Ka zauna."

Yaya ya kalli rana, ta sauka bayan rufin makaranta. Ya kalle ni. Na san abin da ke ransa, kuma tausayinsa ya kama ni, amma na kau da kai, don shekara arba'in nake jiran wani ya gaya masa wannan maganar. Ya jingine sandarsa a jikin aboboya, ya wanke hannu, ya nufi gefen maza.

Dattawan layi suna gefe guda a kan wasu dogayen bencuna, don ba su yarda da kujerar roba ba, musamman Alhaji Brimah da wata ta taɓa watsa masa ƙasa a ido a gaban surukansa. Yana nan zaune a tsakiya, yana duba agogo yana duban Yaya. Kusa da shi ladaninmu ne, Malam Abdul-Kudus. Suka matsa masa ya zauna. Na zuba shinkafa da nama na kai masa da kaina, na dangwarar a gabansa.

Ya kai loma biyu. Sai na ga hannunsa na hagu ya sauka yana shafa gefen bencin, ya zarce ƙarƙashi, ya tsaya. Ya daina tauna.

"Naka ne," in ji Malam Abdul-Kudus. "Marigayi ya sa ka yi guda huɗu lokacin sunan wannan amaryar. Tun daga ranar ba a yi wani taro a layin nan ba a fito da su ba. Kai ba ka zuwa, amma bencinka bai taɓa fashi ba."

"Benci ba ya cin shinkafa, Malam," in ji Hajiya Mamuna daga bayansu. "Ba ya kuma cewa amin."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe hannunsa na ƙarƙashin bencin. Sannan ya zare fensirin daga kunnensa ya sa a aljihu, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗaga hannu ya yi wa Hikma addu'a. Ba gajeriya ya yi ba. Ya ambaci ubanta, ya ce mutum ne da bai taɓa taya aikin hannu da wulaƙanci ba, ya roƙa mata zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ni da na zo kallon a ci masa fuska, sai ga ni ina share ido da bakin mayafi. Hajiya Mamuna ma ta juya baya tana gyara ɗaurin da bai kwance ba.

Ta juyo ta daka tsawa, "To me kuke jira? A ɗage kanopi!"

Ɗage rumfa ba wuya, maza huɗu suka kama ƙafafunta suka matsar. Tukwanena ne ba sa matsuwa, suna kan wuta suna tafasa, kuma aboboya ba ta da inda za ta bi. Dabarar Yaya ta farko ita ce a gangara da injin a kan katako da bututu, amma ba fili, ba kuma lokaci. Malam Abdul-Kudus ya dubi sama ya ce saura kaɗan ya tafi. Wani ya ce a ɗora shi a teburin roba a ɗauka, aka yi masa ca.

Yaya ya miƙe ya ce, "A ba ni benci biyu."

Kowa ya tashi ban da Alhaji Brimah. Ya ɗan jima, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe da nishi. "In dai ya ɗauke ni shekara ashirin da huɗu, zai ɗauki wannan ƙarfen," ya ce, ya laluba aljihu ya ciro makullin kangon ya yi gaba.

Aka kifa bencunan biyu gefe da gefe, ƙafafu sama, tsaga ukun nan a fili kowa yana gani. Aka sauko da injin aka zaunar da shi tsakanin ƙafafun, Yaya ya ɗaure. Maza uku a gaba, uku a baya, cikin manyan rigunan biki. Efo Komla yana gaba da rigar cocinsa, ladan yana baya ya naɗe hannun jallabiya. Suka ɗaga shi sama da tukwanena, ina ihu kada a zuba mini baƙin mai a miya. Bencunan suka yi ƙara sau ɗaya, amma suka riƙe.

Suka shiga lungu. Mata kuwa wa zai hana su, suka bi baya cikin yayi suna guɗa kamar ana kai amarya, har mai kiɗan ya saki kiɗa. Ladan yana ta faɗi yana haki, "Ku yi sauri, lokacina ya yi!" Da aka zo inda lungun ya matse sai aka rage tafiya. Yaya yana tafe da baya da baya yana cewa a karkata hagu kaɗan, a ɗaga, a tsaya. Bakin injin ya wuce katangar Alhaji, tsakaninsu bai fi a zura takarda ba. Ya dube ni ta saman kawunan mutane ya ɗaga mini yatsa uku.

Suna direwa a cikin kango, Malam Abdul-Kudus ya saki benci ya kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Alhaji Brimah ya tsaya yana kallon injin, ba fenti, ba kyan gani. Muna nan tsaye muka ji an hura lasifikar masallaci. Alhaji ya kama hannun Yaya ya sa masa makullin a tafi, ya ce, "Mu je mu yi salla."

Yau shekara biyu ke nan. Injin yana aiki daga hantsi zuwa azahar, in yara sun shiga karatu da yamma a kashe shi. Yaya ya ɗaure maganaɗisun tsohuwar lasifika a sandar awon nan, da ita yake tsince ƙusoshi kafin ya zuba katako. Masu kaji suna zuwa har daga bayan gari, mai ragunan nan na Nijar ma da ya sami wani wurin, wajen Yaya yake sayen shimfiɗa. Ranar Lahadi kuwa kangon a kulle yake. Zai sa farar riga ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, ya fi ni sanin wa ya haihu, wa zai aurar. Har ya fara damuna, don yanzu in ban je wuri ba shi ake tambaya, ya ce ina gaishe su.

Ɗaya daga cikin bencunan nan biyu ashe ya tsage a ƙafa ranar da ya ɗauki injin. Ya yi ta lallaɓawa har bara ya karye gaba ɗaya. Hajiya Mamuna ta sa aka kai masa kango, ta ce ya gama aikinsa, a ɓarza shi a shimfiɗa wa kaji. Ina wurin aka kawo. Injin yana kunne, bakinsa a buɗe. Yaya ya kifa bencin ya dubi cikinsa, ya miƙa hannu ya kashe inji, ya zaro fensir daga kunne.

Kwana uku ya yi yana feƙe sabuwar ƙafa da kafaɗar nan tasa mai ciwo, Alima tana faɗa, ni ina faɗa. Ranar Lahadi ana sunan ɗan Hikma na fari, ya ɗauko bencin a ka tun daga kango, ya dire shi a ƙarƙashin rumfa, ya zauna a kai, ya ce in kawo masa shinkafa.